Keken da Ake Hawa da Turmi

A garinmu, can tsakanin Kudan da Likoro, ba a sayen abu sai an ɗaga shi an ji nauyinsa. Tukunya ce, garma ce, rediyo ne, mutum zai kama da hannu biyu, ya ɗan jijjiga, ya ɗaga kai sama kamar mai duban watan azumi. In abin ya nemi tsinka masa ƙugu sai ya ce, "Wannan na ƙwarai ne." In kuwa ya ji shi sakayau, sai ya ajiye, ya goge hannu a riga, ya ce kayan bogi ne. Da wannan ma'auni ake sayen keke tun ina yaro, da shi kuma ake saye har gobe. Ni karatuna na boko a aji huɗu ya tsaya, lokacin da mahaifina ya ga gonar rake ta fi alli bukatata. To amma ko a aji huɗun nan an koya mana cewa jaki ma sai an dubi ƙarfinsa ake ɗora masa mangala. Mutanen garinmu da alama ranar ba su je makaranta ba.

Jikata ce ta jawo wannan zance. 'Yar fari ce ga babban ɗana, kuma tun da aka yaye ta aka kawo ta ɗakin kakarta, yadda aka saba, a gabana ta girma. Na ce ta girma ne don baki ya saba da faɗin haka. Gaskiyar magana ita ce ta kai wani wuri ta tsaya, ta ƙi gaba. Gajartar kakarta ta ɗauko, matata 'yar garin Malikanchi, daga wani gida da in matansu suka shiga gonar gyaɗa sai an yi ta kira kafin a gan su. Tun tana rarrafe nake ce mata amaryata, ita kuma ta ce mini tsoho, in tana son wani abu ta ce angona. Ta yi karatunta har ta gama makarantar horon malamai, ta dawo da takarda. Aka ba ta aji a firamaren wani ƙauye da ke bayan fadama, bisa gwaji, wai a ga kamun ludayinta zuwa ƙarshen zango. In ta yi, a tabbatar da ita. In ba ta yi ba, akwai masu jira.

Hanyar ta fi ƙarfin tafiyar ƙafa ga mai son isa da sassafe, 'yan acaɓa kuma ba sa ƙaunarta da damina. Sai ubanta ya ce zai sayo mata keke. Ya haɗa da sharaɗi, ya aika ta bakin uwarta: in aikin nan ya kuɓuce, ta dawo gida ta zauna, shi ba zai je ofishin kowa ya durƙusa ba.

Ta bakin uwarta, domin ɗana mutum ne mai alkunya. Bai taɓa kiran sunan yarinyar nan ba. In ta shigo zaure ta gaishe shi, bango yake kallo ya amsa. Haka ni ma na yi masa yana yaro, haka ubana ya yi wa yayana, kuma ban ce abu ne marar kyau ba. Sai dai ban taɓa jin malamin da ya ce a tafi da alkunya kasuwa ba. Mutumin da bai taɓa tsayawa ya dubi 'yarsa daga sama zuwa ƙasa ba, shi ne ya tashi ya tafi sayo mata abin da za ta hau. Bai tambaye ta ba, kunya. Bai tafi da ita ba, kunya. Ko yaron da za a sayo wa takalmin salla ana karya kara daidai ƙafarsa a tafi da shi a aljihu. Ita ko karan ba ta samu ba.

Da la'asar sai ga shi yana turo wani baƙin keke, sabo ful, mai sanda biyu a tsakiya, da kariyar ɗaukar kaya a baya mai faɗin da akuya za ta iya kwanciya a kai ta haihu. Irin wanda 'yan rake ke ɗaure wa dammuna har sai an daina ganin mai tuƙi. Bai shiga gida da shi ba, ya biyo ta majalisa, gindin darbejiyar da ke gefen masallaci, inda mai facin garinmu ke da rumfa. Nan fa aka tashi ɗaya bayan ɗaya ana ɗagawa. Kowa ya ɗaga sai ya yi nishi, ya saki, keken ya dira ƙasa, a saurari ƙarar kamar ana sauraron wa'azi.

"Kai, kai, kai!" in ji mai faci. "Wannan ai har jikoki."

Na ce, "Jikar da aka saya wa dai sirdin nan ya kusa kai mata haɓa."

Ɗana ya sunkuyar da kai ya ce, "Za ta girma a kai, Baba."

"Za ta me?"

"Za ta girma a kai."

"Malama guda mai takarda? A wace damina za ta yi girman? Ko taki za ku zuba mata?"

Aka yi dariya, amma dariyar da ake yi wa tsoho don a ba shi girma, a ci gaba da abin da ake yi. Sai wani daga gefe, mai tsire da daddare mai fatawa da rana, ya faɗi abin da ke cikin kowa.

"Ai Baba keke ba a saya wa mutum ɗaya. Asabar da Lahadi ba makaranta. Ga taki, ga niƙa, ga rake na tafe."

Na dubi ɗana, ya dubi bango. A nan na gane cewa alkunyar ba ita kaɗai ta je kasuwa ba, gonarsa ma ta bi shi.

Da aka shiga da keken gida, amaryata ta fito ta zagaya shi sau ɗaya, ta ce an gode, Allah ya ƙara buɗi, don uwarta ta kai wa ubanta. Sa'an nan ta matso kusa da tabarmata ta ce a hankali, "Tsoho, tsanin fa? Ko daban ake sayar da shi?"

Duk mai hankali da ya ga takalmi ya yi wa ƙafa yawa, takalmin yake canzawa. Mutanen garinmu ƙafar suke gyarawa. Washegari mai faci ya zo da sifanarsa da muhimmancinsa, ya sauke sirdi har ƙarshe. Ƙafarta ba ta kai feda ba. Ya cire sirdin gaba ɗaya, ya naɗe tsohon buhu a wurin, ya ɗaure da igiyar roba. Har yanzu da saura. Sai ya aika aka yanko guntayen katako biyu, ya ɗaure ɗaya a kowace feda, ya ja baya ya riƙe ƙugu yana kallon aikinsa kamar wanda ya ƙera jirgin sama. Na tambaye shi ko a wace jami'a ya karanta wannan, ya ce baiwa ce.

Sauran matsala ita ce hawa. Namiji da wandonsa zai tura keke ya wurga ƙafa ta baya. Mace da zane da dogon hijabi, ga sanda biyu a gabanta kamar shingen gona, ta ina? Kakarta ce ta kawo dabara. Aka mirgino turmin daka zuwa ƙofar gida aka kife. Kullum da safe sai malama ta taka turmi, ta tattare zane, ta zauna kan buhu, ta tura da ƙafa ɗaya, keken ya yi tangaɗi hagu da dama kamar saniyar da ta sha gumba mai tsami, sa'an nan ya miƙe. Matan gida kuma su jira ta tafi kafin su sami turmin surfe.

In ta hau, to ta hau ke nan. Ba tsayawa, domin in ta tsaya ƙafa ba ta isa ƙasa ba, sai dai faɗuwa. Ranar farko ta biyo ta gaban majalisa, dattawa na zaune ana shan koko, ta wuce a guje tana cewa, "Ina kwananku!" Kafin a amsa ta yi nisa. Ai kuwa sai magana ta tashi. A garinmu yaro ba ya wuce manya a kan keke, sauka yake ya gaisar, ya tura har ya wuce, sa'an nan ya hau. Wannan ma tarbiyya ce mai kyau, ni ma ina son ta. Amma waɗanda suka fi kowa ɗaga murya cewa boko ya lalata yarinya su ne waɗanda suka ɗaga keken nan suka yi nishi suka sa masa albarka.

Da aka bayyana musu cewa in ta sauka ba za ta iya sake hawa ba, ka san abin da suka yi? Suka yi shawara mai tsawo, suka sa aka jawo wani kututturen mangwaro aka ajiye gaba da majalisa kaɗan, domin ta sauka ta gaishe su, ta tura, ta taka kututture ta hau. Suka koma suka zauna cike da jin daɗin sun taimaki ilimi. Na ce musu tun da an fara, a bi hanyar gaba ɗaya a jera mata kututtura har makaranta, a rubuta wa ƙaramar hukuma ta zo ta ƙaddamar.

Inda ba wanda ya kai kututture shi ne rafin fadama. Babu gada a wurin, gungumen giginya ne aka shimfiɗa, mai keke ya saɓa kekensa a kafaɗa ya taka ya haye. Ita ko ɗaga gabansa ba ta iyawa. Sai ta tuɓe takalmi ta ja shi ta cikin ruwa, laka ta riƙe taya, ta ja, ta huta, ta ja. In ta haye, gaɓar can rairayi ne, ba dutse ba suri, ba abin takawa. Daga nan har makaranta turawa take yi. Wato an sayo mata keke don ta daina tafiyar ƙafa, sai ga shi tana tafiyar ƙafar, tana kuma jan ƙarfen da ya kusa nauyinta. Ta isa a jiƙe, yara sun daɗe da shiga aji. Ran nan bakin hijabinta ya shiga sarƙa, ya fizgo ta ƙasa a gaban wasu Fulani masu kai nono, su suka ɗaga mata keken daga kan ƙafa.

Asabar kuma ba ta taɓa samun keken a gida ba. Ƙanin ubanta zai zo da asuba ya ce aro, wa zai hana baffa? Ya kwance katakan feda, ya mayar da sirdi ya ɗaga shi sama, ya tafi ɗaukar taki. Ya dawo da shi Lahadi da yamma kariya duk farin gari. Litinin da safe sai an nemo mai faci ya sake ɗaure-ɗaurensa, shi kuwa ba ya taɓa sifana sai ya sha shayi.

Wata Alhamis da yamma ta zo ta zauna gefen tabarmata da kwanon ruwa da sabulu, tana cuɗa baƙin man sarƙa daga hijabi. Na fara tsokanarta kamar kullum.

"Amarya, yau ba a kawo wa ango komai daga wurin aiki ba? Ko alli ne in lasa?"

Ba ta rama ba. Wannan ya sa na gyara zama, domin yarinyar nan ba ta taɓa barin bashin magana ya kwana ba.

Ta ce, "Kaka, hedimasta ya kira ni. Ya ce ba ya da abin cewa a kan koyarwata, amma yara ba za su riƙa zama ba malami kullum da safe ba. In na sake makara a makon gobe, zai rubuta a turo wani."

"Kin faɗa masa labarin rafi?"

"Ya ce shi ma rafin yake hayewa."

"Ubanki ya sani?"

"Ta ina zai sani? Ni zan je in ce masa abin da ya sayo mini bai yi ba?"

Ta ci gaba da cuɗa. Rabon da ta ce mini Kaka har na manta. Na san kuma abin da zaman gida yake nufi ga wadda ta yi shekaru tana karatu da fitilar waya don ta tsaya gaban allo.

Ran Juma'a bayan an sauko na sa aka shigar da baƙin keken ɗakina, na jingine shi da gado. Baffan nata ya zo da asubar Asabar, ya yi sallama, ya hango keken a bayana, ya gaishe ni da kyau, ya tambayi ciwon ƙafata, ya tafi. Da rana ta ɗaga muka fita bakin titi ni da ita. Direban da ya ɗauke mu zuwa Makarfi sai da ya kira mutum biyu suka taya shi ɗora keken a saman mota, yana mita wai da ya sani da ya ɗauki buhun masara. Na ce ya yi haƙuri, kayan ƙwarai ne.

Masu sayar da kekuna a Makarfi suna jere a wani layi, gaba da inda manyan motoci ke lodin rake. Kowane shago tsarinsa ɗaya: baƙaƙen sababbi a gaba suna ƙyalli, na hannu waɗanda ake kawowa daga Kwatano an tura su can baya sun sha ƙura. Muka tsaya wurin wani matashi mai waya a kunne. Da ya ga abin da muka turo, sai ya kashe wayar ya kawo mini benci.

"Sannu da zuwa Baba. An zo lafiya? Ya gida, ya iyali, ya ƙarfin jiki?"

Muka gaisa har gaisuwa ta ƙare. Na ce masa musaya muke so, a karɓi wannan a ba wannan baiwar Allah wanda ya yi daidai da ita. Ya dube ta sau ɗaya, ya shiga ciki, ya fito da wani ɗan keke ja mai ƙananan tayoyi biyu a gefe, da zaren ado yana lilo a hannayen keken.

Ta ce, "Malam, a ajina akwai waɗanda suka fi ƙarfin wannan."

"Au, malama ce? Yi haƙuri Hajiya." Ya juyo wurina. "To Baba, wanne kake so mata? Ka nuna, ni zan hau in zagaya in gwada maka."

Na ce, "Kai za ka je makarantar?"

"A'a, ai gwaji ne. Mace ba ta san keke ba."

"In za ka sayi hula, maƙwabcinka kake ba ya sa a kansa? Matsa mata ta wuce."

Ta shige can baya cikin masu ƙura. Ni ina kan benci da sandata, ina kallo. Ta fara jawo wani mai kyan gani, ta kama shi ta tsakiya ta ɗaga, bai bar ƙasa sosai ba, ta mayar. Ta jawo wani siriri mai giya barkatai, wannan kam ba nauyi, amma sandarsa a miƙe take, sirdinsa kamar bakin lauje, kuma sai mutum ya duƙa kamar mai cirar ciyawa kafin ya kama kan keken. Mai shago ya ce shi ne yayi, 'yan birni shi suke hawa. Ta ce ita ba tsere za ta je ba. Wani kuma ya yi mata daidai a tsayi, har na fara murna, sai ta miƙa yatsu ta ga ba su kai maƙamar birki ba sai ta saki hannu. Ta girgiza kai. Ni wannan ko a mafarki ban taɓa tunaninsa ba, don hannuna tun ina saurayi kamar faranti yake.

Kafin nan mutane sun fara taruwa. A Makarfi in mace tana ɗaga kekuna ɗaya bayan ɗaya, ai ya fi wasan kura jan jama'a. 'Yan dako, masu jiran mota, wani mai rake da wuƙarsa a hannu, kowa da shawararsa, kuma duk ni suke ba, ba ita ba.

Can ƙarshe ta zaro wani shuɗi wanda fentinsa ya koɗe. Ba shi da sanda a sama ko ɗaya, ƙarfen tsakiyarsa ya lanƙwaso ƙasa kamar wuyan buta. Tayoyinsa ba su kai na baƙin girma ba, sarƙarsa a rufe take ruf, ga ɗan kwando a gaba. Mai shago ya ce ƙarfen irin na tukunyar alminiyom ne, ya faɗa da muryar mai ba da haƙuri. Ta share sirdin da bakin hijabi. Ta zura ƙafa ta tsakiya ba tare da ta tattare zane ba, ta zauna. Ƙafafunta biyu suna ƙasa. Ta matsa birkin hagu, ta matsa na dama. Sa'an nan ta sauka, ta kama shi da hannu ɗaya a tsakiya ɗaya a kai, ta ɗaga shi har ƙugu, ta taka katakon da aka ɗora a kan kwatar gaban shago, ta haye, ta juyo ta dawo, ba ta ajiye ba sai a gabana.

"Wannan ai iska ma sai ta ɗauke shi," in ji wani ɗan dako.

Mai raken ya ce, "Baba, kar a cuce ka. Wallahi ko buhu ɗaya ba zai ɗauka ba."

Ta dube shi ta ce, "Ni ma ban kai buhu ba."

Aka kwashe da dariya, har da shi. Ta hau ta bi layin har ƙarshe, ta kauce wa wani mai baro, ta juyo. Da ta iso daidai bencina sai ta ja birki, ta sauke ƙafa ɗaya ƙasa, ta tsaya cak, tana zaune a kan sirdi tana kallona. Tsayawa kawai. Abin da kowane yaro mai kai niƙa yake yi ba tare da ya san yana yi ba. Na ga idonta ya kawo ruwa, sai na yi maza na ce sirdin ya fi ta kyau, kar ta yi mini kuka a kasuwa a ce na auri ƙaramar yarinya.

Mai shago bai ja ciniki ba. Sauri ma yake yi mu tafi kafin tsohon ya farga, domin tun muna tsaye wani ya riga ya kama baƙin keken yana ɗagawa yana nishi.

Da muka dawo, labari ya riga mu isa. Ɗana ya same ni a zaure bayan la'asar, ya tuɓe takalmi ya tsuguna. Ya daɗe yana gaisuwa.

"Baba, na ga an yi canji."

"An yi."

"Da dai an yi shawara."

"Da wa ka yi shawara ranar da ka sayo?"

Ya sosa ƙeya. Can ya ce, "Sabo fa na saya, Baba. Wannan kuwa wani ya gama cin moriyarsa. Kuma ko yaro aka aika niƙa da shi, dariya za a yi masa, keken mata ne."

Na ce, "Alhamdu lillahi. Ka faɗa wa ƙaninka haka, da irin wannan muryar."

Ya ɗauki takalmansa. A bakin ƙofa ya tsaya, bai juyo ba, ya ce, "Maganata dai tana nan. In suka sallami yarinyar nan, shi ke nan."

A majalisa kuwa an sha biki. Kowa ya ɗaga shuɗin keken da hannu ɗaya ya yi tsaki. Aka ce an sayar da kare an sayi biri. Mai faci ya leƙa tayar ya ce irin wannan girman babu shi a garin nan, ranar da ta fashe sai an je Makarfi ko Ikara. Wannan kam gaskiya ya faɗa, na ba shi, ko agogon da ya tsaya akwai lokacin da yake dacewa.

Litinin aka wayi gari da ruwa. Tun kafin kiran salla ake zubawa, bai ɗauke ba sai da gari ya yi haske. Na san yadda rafin nan yake in an yi irin wannan, ruwa kan hau har ya shafi gungumen, ya bar shi da santsi. Ta fito da littattafanta a cikin leda, ta sa a kwando, ta ɗaure takalmanta a kai. Na ce ko ta bari rana ta ɗan ɗaga. Ta ce rana ba ita za ta rubuta takardar ba. Ta hau ta tafi, tayoyin suna watsa ruwa.

Ban iya zaman gida ba, ban kuma iya zaman majalisa ba, amma nan na zauna, don daga nan ake hango hanya. Na sha labarin mutanen da ruwa ya taɓa ci a rafin nan tun zamanin kakanni, kowa da nasa, ana ba da shi da daɗi kamar ana rabon goro. Wani ya ce da baƙin ne aƙalla nauyinsa zai riƙe ta. Na ce haka ne, har ƙasan ruwa. Aka yi azahar ba ta dawo ba. Ɗana ya zo ya yi salla, maimakon ya koma gona sai ya zauna a dakalin ƙofar gida ya ɗauko wata fartanya da ba abin da ya same ta yana gyara mata ƙota.

Sai can na hango shuɗin abu yana tahowa ta bakin gonakin masara. Na tashi na nufi gida da sandata, muka isa ƙofa kusan tare. Zanenta laka har gwiwa, gefen hijabinta ɗaya a jiƙe, ga ƙujewa a bayan hannu.

"Kin faɗa?"

"Na zame a kan gungume. Gwiwa ɗaya na kai, ban saki ba."

"Ruwan fa?"

"Ya shafi itacen. Na saɓa shi a kafaɗa na bi a hankali."

"To, amarya, kar ki ja mini rai, ni tsoho ne. Kin makara?"

Ta jingine keken, ta ciro ledar littattafai ta duba ko ruwa ya shiga. Ta san ubanta na jin ta, don haka ta ɗan ɗaga murya, tana kallona ni kaɗai.

"Ana jera yara a fili na shiga. Ni na ja musu addu'ar safe. Da aka tashi hedimasta ya tsayar da ni, ya ce in haka zan riƙa zuwa, in fara shirya wa ajina tambayoyin jarrabawa, ni zan ba su, ni zan duba."

Ƙarar fartanya ta tsaya na ɗan lokaci, sa'an nan ta ci gaba.

Na ce, "To madalla. Sai ki saka wa ango da wani abu."

"Zan saka maka, tsoho. Ɗebo mini ruwa a buta in wanke hannun nan, yana mini zafi."

Na shiga na ɗebo.